Muryar Ladan Sabitu a Cikin Filash

Zakiyya ta sauka da hantsi ana yayyafi, ta samu 'ya mace. Kafin a gama gyara ɗaki labari ya zaga lungun, mata suka fara shigowa barka da lulluɓi a jiƙe, kowace da abin da za ta ce a kan hancin jaririya. Malam Sabitu, mahaifin mai jego, yana zaure a kan buzunsa yana amsa gaisuwa da kai da hannu. Da baki kam ba hali, don tun da aka yi masa aikin maƙogwaro bara waccan ba wanda ya sake jin maganarsa.

Wanda bai san unguwar Gwallaga ta Bauchi ba zai ce ai rashin murya ba rashin ƙafa ba ne. To amma Malam Sabitu ladan ne. Tun yana saurayi yake kiran salla a ƙaramin masallacin lungunsu, tun kafin a sayo lasifika, lokacin da sai an hau matakala an toshe kunne an buɗe ƙirji. Masu ƙarin gishiri suna cewa in iska ta yi daidai har barikin soja na Shadawanka ake jin sa. Bayan aikin, likita ya ce murya ba za ta dawo yadda take ba, sai dai ɗan abin da ya saura. Malam ya gwada ɗan abin da ya saura ɗin sau ɗaya a gadon asibiti. Iska ce kawai ta fito, irin ta tayar keke in ta yi faci. Wata ma'aikaciyar jinya ta sunkuyo ta ce, “Me ka ce, Baba?” Daga ranar ya kulle bakinsa. A faɗi gaskiya girman kai ne, amma irin girman kan da ba ka iya yi wa mai shi faɗa, don ka san inda yake masa ciwo.

Matarsa A'i ta leƙo zauren, hannunta duk toka.

“Malam, 'yarka fa ta tubure. Wai ba mai yi wa jaririyar nan huɗuba sai kai. Na ce a kira Liman, ta juya wa bango fuska tana hawaye. Abdulbaqi ma ya bugo waya daga dajin da aka tura su, ya ce shi duk abin da Baba ya yi daidai ne, har sunan ma ya bar maka.”

Abdulbaqi mijin Zakiyya ne, soja. Malam ya dubi matarsa, ya nuna maƙogwaronsa.

“Na sani, ai tare muke kwana muke tashi. Amma ni dai ba zan bari rana ta faɗi jikata ba ta ji sunan Allah a kunnenta ba. In aka kira magariba ba ka san abin yi ba, Liman zan aika wa, ta yi ta kukanta.”

Ta koma ciki ta bar shi da ƙarar yayyafi a kan kwano. Shi ya yi wa Zakiyya huɗuba, shi ya yi wa 'yan'uwanta, haka rabin yaran lungun nan da yanzu suke da gemu. Kiran salla a kunnen dama, iƙama a na hagu, sannan a sa suna. Yau ga jikarsa ta fari a cikin gidansa, wai wani ne zai shigo ya yi. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai.

Yana nan zaune sai ya tuna. Kafin a kwantar da shi asibiti, Zakiyya ta riƙa ɗaukar kiran sallarsa a waya, asuba da azahar da duk lokacin da ta samu, daga baya ta zuba su a wani ɗan filash baƙi ta ba shi. Da farko yakan rufe ƙofa ya sa a rediyonsa mai cin filash ya saurara, sai ya ga abin yana ƙara masa baƙin ciki ya daina. Amma muryar tana nan. Tasa ce, ba ta wani ba. Zai kai rediyon kunnen jikarsa, shi ke nan Sabitu ya yi huɗuba.

Ya shiga gida da sauri ya yi wa A'i kwatance da yatsu. Ta gane, sai ta kau da kai.

A Gwallaga ba a hana aro. Turmi na fita, rariya na fita, tsani kuwa ba wanda ma ya san na wane gida ne. Filash ɗin Malam shi ma ya shiga sahu. Maƙwabciyarsu Bintu ta ara lokacin bikin 'yarta aka zuba waƙoƙin amare, wani ya ara ya zuba wa'azi, daga nan A'i ba ta san gidajen da ya kwana ba. Da ya dawo ta sa a rediyo, ko tari bai yi ba. Tsoron ɓacin ran Malam ya sa ta yi shiru da maganar, ta yi wa filash ɗin irin nata maganin. Ta shanya shi a rana, ta kara shi a hayaƙin turaren wuta, ta naɗe a ƙyalle mai tsabta ta sa a ƙasan kwalla, tunda abu ne mai ɗauke da sunan Allah.

“Na ce ko zai huce,” in ji ta, tana miƙa masa. “Shi ma ya bi ubangidansa ne, ya yi gum.”

Malam ya sa a rediyo. Shiru. Ya cire ya hura ya mayar. Shiru. Ya sa shi a aljihun gaba, ya ɗauki lema ya fita.

A cikin keke Napep ya zauna a gefe, hannunsa dafe da aljihu, ƙamshin turaren A'i yana tasowa daga ciki. Yayyafi ya wanke garin. Duwatsun da suka kewaye Bauchi sun yi shuɗi-shuɗi, gajimare ya sauko ya zauna a kansu. Ya ga masu shaguna suna jan kaya ciki, ya ga wata akuya ta fake a ƙarƙashin teburin mai shayi, duk kamar daga nesa yake hango su. Tunaninsa yana kan abu ɗaya: ina murya take zama a cikin ɗan abin da bai kai ɗan yatsa ba? A kwance take ko a tsaye? In an daɗe ba a kira ta ba, tana tsufa?

Shagon da ya nufa yana bakin kasuwar Wunti, tsakanin wani tela da mai sayar da bokitai. Mai shagon Matta ce, 'yar Bogoro, mai gyaran kwamfuta da waya. A lungunsu ta tashi, lokacin da iyayenta suke haya a bayan masallaci. Tana ganinsa ta miƙe ta rusuna.

“Baba Ladan! Yau kai ne da kanka cikin ruwan nan? Sannu da zuwa, Baba. Ga kujera.”

Ya zauna, ya ajiye filash a kan tebur. Ya nuna shi, ya nuna maƙogwaronsa, ya ɗaga hannu biyu ya toshe kunnuwa. Sannan ya haɗa hannuwansa a ƙirji yana jijjigawa.

Matta ta bi hannuwansa da kallo. “Kiran sallarka yana ciki.” Ya gyaɗa kai. “Kuma an yi haihuwa. Zakiyya?” Ya gyaɗa da ƙarfi. “Kai, barka, barka! Allah ya raya.” Ya nuna sama ta ƙofar shago, ya karkata hannu ya yi ƙasa da shi. “Kafin rana ya faɗi. To, Baba, bari mu gani.”

Ta shinshina filash ɗin ta dube shi, ta soka a kwamfuta. Wani ɗan akwati ya fito a allon da rubutun Turanci.

“Ka ga wannan? Tambaya yake wai a yi fomat, wato a share komai a fara sabo. In na ce e, an gama. Allah ya taimake ka ba wanda ya danna.” Ta rufe akwatin. “Abin bai mutu ba, Baba. Kamar unguwa ne. Gidaje suna nan, mutane suna ciki, amma mai unguwa ya ruɗe, bai san wa ke wane gida ba. Wani ne ya fizge shi ana cikin tura waƙa, ko aka ɗauke wuta. Haka suke yi kullum.”

Ta ce ba za ta taɓa shi ba sai ta kwafe shi ɗungurungum, da mai kyau da marar kyau, don in gyara ya ɓaci a samu na komawa. Wani siririn layi kore ya fara tafiya a allon, a hankali kamar ba ya so. Malam ya zuba masa ido. Ruwa na ɗiga daga bakin kwano cikin wani bokiti a waje, keken tela yana ta ƙara ta bayan bango, shagon da ɗumi. Bai san sanda idonsa ya lumshe ba. Ya ga kansa yana tafiya a wani lungu da ya yi kama da nasu amma ba ƙofar da ya gane, yana ƙwanƙwasa kowace, ana leƙowa ana ce masa ai muryar ta tashi daga nan, a gwada gaba.

“Baba.” Matta ce take taɓa hannun kujerarsa. “Ya gama. Na sa ya bi gida-gida ya tattaro abin da ya samu.”

Allon ya cika da fayil-fayil, ba ko ɗaya mai suna, sai lambobi.

“Sunayen sun tafi. Sai dai mu buɗe ɗaya-ɗaya mu ji. Kai ka san kayanka.”

Ta miƙa masa abin sauraro mai rufe kunne. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ta sa masa. Na farko kiɗan biki ne, har ya zabura. Na biyu wani malami ne yana bayanin rabon gado, ya kai kan kason 'ya mace maganar ta yanke. Na uku waƙar amare, na huɗu ma haka. Bintu dai ta ci bikinta a cikin filash ɗin nan. Malam yana girgiza kai, Matta tana wucewa gaba, hasken ƙofa yana raguwa kaɗan-kaɗan.

Can sai ya ji ruwan sama, ba na waje ba, wani ruwan na wata shekara. Zakara ya yi cara a nesa. Wani ya yi gyaran murya, gajere, sau biyu. Tsigar jikinsa ta tashi, don duk duniya ba mai wannan gyaran muryar sai shi.

Sai muryar ta tashi.

Ya manta girmanta. Ta cika masa kai, ta sauka ƙirji, ya ji haƙarƙarinsa yana buɗewa da kansa yana neman iskar da zai ja. Shagon ya ɓace. Yana kan matakalar masallaci, siminti da sanyi a tafin ƙafarsa, garin yana kwance a ƙasa da rufin kwano jere-jere. Yana ganin muryar tana tafiya a kansu, tana shiga ta tagogi, tana taɓa masu barci a kafaɗa. Fitila ta kama a wani gida, sannan a wani. Ta wuce Gwallaga, ta haye titi, ta je ta bugi dutse ta dawo masa, ya tsaya ya jira ta kamar yadda ya saba kafin ya ɗora. Ya buɗe baki tare da ita. Ta kai “Hayya alas salah,” ta ja, ta ja, sai kawai kalangu ya ɓarke, mata suka rangaɗa guɗa.

Ya buɗe ido a firgice. Matta, da take jin abin da ke tsiyayowa daga abin sauraron, ta tuntsire da dariya, ta yi maza ta toshe baki.

“Yi haƙuri, Baba. Gida biyu ne suka haɗe, an ɗora waƙan a kan rabin naka. Wannan kam ba zai gyaru ba.”

Ga mamakinta sai ta ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake, marar sauti, har da hawaye. Ya share ido da hannun riga ya yi mata alama ta ci gaba.

Sun sami wasu guntaye. Wani farkon ne kawai, wani ƙarshen, wani kuma iƙama ce cikakkiya. Daga bisani suka faɗa kan guda wanda ya tafi tun daga kabbarar farko bai yi tuntuɓe ba. Malam ya ɗaga yatsa yana bin sa, bai sauke ba sai da aka kai ƙarshe. Matta ta zare wayar abin sauraron don ita ma ta ji, ta mayar da shi farko. Ashe lasifikar kwamfutar a ƙure take. Muryar Ladan Sabitu ta fita ta ƙofar shago ta shiga kasuwa, tana shaida wa jama'a da rana cewa salla ta fi barci. Keken tela ya tsaya. Sai ga telan ya fito da buta a hannu yana duban sama, yana duban agogo.

Matta ta rage sautin, amma ba ta kashe ba. Ta zauna ta yi tagumi.

“Mamana ba ta taɓa sayen agogo ba, ka sani? Da wannan take tashi ta hura wutar suyar masa. In ta ji ka, sai ta taɓa ƙafana ta ce, Matta, tashi, Baba Ladan ya yi kira. Ranar da ka yi tafiya wani ya kira, masa ya ƙone, wai muryar bai shiga jikinta ba.” Ta yi murmushi, idonta ya kawo ruwa. “Ta rasu shekaran da muka bar lungun. Yanzu da na ji, wallahi har ƙamshin man na ji.”

Malam ya sunkuyar da kai. Yana so ya ce Allah ya ji ƙan Agnes, mahaifiyar Matta, ya ce yana tuna ta, mace mai fara'a da ba ta barin yaro ya wuce da yunwa. Maganar ta zo har bakinsa. Ya haɗiye ta, ya ɗaga hannu biyu kawai ya shafa.

Ta zuba masa kiran sallar da iƙamar a sabon filash, ta ce tsohon a bar shi ya huta, kuma don Allah wannan kada ya fita aro. Ya sallame ta, ta rako shi har bakin titi.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya iso gida, ruwa ya ɗauke. 'Yan barka sun watse, sai A'i a tsakar gida tana fama da itacen ruwan wanka da ya jiƙe. Ya ɗauko rediyonsa ya yi gyaran tsayuwa a ƙofar ɗakin mai jego, ya tafa hannu maimakon sallama.

Zakiyya tana kwance a gefen gado, fuskarta ta faɗa. Ta yunƙura za ta tashi ya hana ta. Ya zauna a kan tabarma, A'i ta shigo ta ɗauko jaririyar cikin zani ta ɗora masa a cinya. Ba nauyi ko kaɗan. Ya janye zanin daga gefen kanta, ya ga kunnen, ɗan mitsitsi, a naɗe kamar sabon ganye, har haske yana ratsa shi.

Ya soka filash, ya rage sauti, ya matso da rediyon, ya danna.

Ko a rage, muryar ta fi ƙarfin ɗakin. Murya ce da aka yi don ta haye rufin gidaje ta tashi ƙatti daga barci. Jaririyar ta zabura, hannuwanta suka watsu, fuskarta ta yamutse ta yi ja, ta tsanyara kuka. Ya ƙara ragewa, ya matsar da rediyon baya. Kukan ya ƙaru. Mutumin da ke cikin rediyon bai san da ita ba, ya ci gaba da kiran mutanen wata asubar da ta wuce.

Malam ya kashe.

A'i ta dubi fuskarsa. Ya zauna da jikarsa tana kuka a hannunsa, kunya da baƙin ciki suka rufe shi, wuni guda yana yawo cikin ruwa a kan abin da ya tsorata yarinya. Ya jijjiga ta. Ya kai ta kafaɗa, ya sauko da ita. Kunnen nan yana dab da bakinsa, kamar yadda na uwarta ya taɓa zama, da na sauran yaran lungun. A cikinsu kaf ba wanda ya taɓa ɗaga wa murya. Ba a hawa matakala a yi huɗuba.

Ya sunkuya har gemunsa ya taɓa kumatunta. Ya ja numfashi. Abin da ya fito iska ce, mai kaushi, tana yankewa, ita ce dai wadda ya ji a gadon asibiti ya tsana. Amma kalmomin suna cikinta. Allahu akbar. Ya tsaya, maƙogwaronsa yana zafi, ya sake ja. Jaririyar ta yi ajiyar zuciya, kukan ya koma ƙunƙuni, sannan ya tsaya. Ɗumin numfashin ne ko kalmomin, Allah kaɗai ya sani. Ta buɗe ido ɗaya tana sauraro.

Ya bi kiran a hankali har ƙarshe, yana hutawa inda numfashi ya gaza. Ya juya ta ya yi iƙama a kunnen hagu. A'i tana tsaye a bakin ƙofa, hayaƙin itacenta ya turnuƙe tsakar gida ba ta ko waiwaya ba. Da ya gama ya yi addu'a, ya sake kai bakinsa ya faɗa wa yarinyar sunanta.

An san mai haihuwar fari da kunya. Ba ta kallon ɗanta a gaban iyaye, balle ta tambayi sunansa. Zakiyya ta ajiye wannan duka a gefe. Ta taso a kan gwiwar hannu, hawaye yana gangarowa har wuyanta.

“Baba, ban ji ba. Wa ka ce?”

Ɗakin tsit yake, ko motsin zani ana ji. Ta ji sarai, shi ma ya san ta ji. Ya ɗago ya dubi 'yarsa, ya jiƙa leɓensa.

“Ni'ima,” in ji shi.

“Sake faɗa, Baba.”

Ya sake faɗa.